Yadda Marka Ta Karrama Fara

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, mu sha labari.

To, ku gyara zama. Uwani, janye ƙafarki daga kan tabarmata. Kai kuma Cindo, in gyangyaɗi za ka yi, tashi tun yanzu ka tafi ɗakin uwarka, don ba zan maimaita wa kowa ba.

Wata dattijuwa ce wai ita Marka. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta kowa ya kama gidansa. Marka tana da hali ɗaya da duk garin suka san ta da shi, ba ta iya korar baƙo. Ko da tsakar rana ka yi sallama, za ta ba ka ruwa. Ko tukunya ta kai ƙasa, za ta kankaro maka ƙanzo. Mutane suna yabonta a gabanta, in ta ba da baya su ce, "Allah sarki Marka, ba wayo."

A bayan ɗakinta tana da ɗan lambu. Ba wani babba ba, akuya ta yi tsalle biyu ta ƙetare shi. A ciki take shuka kuɓewa. Amma ba irin wadda kuke gani a kasuwa ba ce. Wannan gajeruwa ce mai jan baki, in aka kaɗa miya da ita sai ka ɗaga loma har saman kanka yauƙin bai tsinke ba. Uwarta ce ta ƙulle mata irin a bakin zane ranar da za ta bar garinsu, ta ce, "Ba ni da tasa, ba ni da kwalla da zan ba ki. Ga wannan. Kada ya ɓata a hannunki." Uwar ta rasu, garin nasu ma ya watse, kuɓewar kaɗai ta rage.

Kowace shekara Marka takan bar wasu 'ya'ya su bushe a jikin uwarsu, ta fasa, ta zuba irin a ɗan gora. Kowace shekara kuma mata na zuwa roƙo. Wannan ta zo, a ba ta. Waccan ta zo, a ba ta. Su kuwa masu karɓa, wata kaji suka tsince nata, wata ta manta shi a kan danga, wata ta shuka ta cinye duka ɗanye ba ta bar na iri ba. A shekarar da nake ba ku labari, da Marka ta girgiza gora, abin da ya zubo bai cika tafin hannu ba. Ta shuka shi duka, ba ta rage ko ƙwaya ba. Kun ji ke nan. In kuɓewar nan ba ta kai ga bushewa ba, irin uwar Marka ya ƙare a duniya.

Sai ta kewaye lambun da ƙaya, saboda zabi. Akwai wata Zabuwa da ke zaune da 'ya'yanta a cikin ciyawar bayan gida, su kuwa zabi kun san su da tono. Duk sadda suka leƙo, Marka ta bi su da hoge tana cewa, "Ku dai ba baƙi ba ne, kullum ina ganinku. Ku ba ni wuri."

Ruwa ya sauka, kuɓewa ta fito, ta yi ganye, ta fara fure.

A can cikin daji kuwa akwai Babe, babban fara, mai kaurin cinya da daɗin baki. Jama'arsa sun dawo suna ta ƙorafi. Duk gonar da suka sauka sai a bi su da hayaƙi, a bi su da kiɗan gwangwani, a bi su da reshe.

Babe ya ce, "Laifinku ne. Ba ku da ladabi. Kuna faɗa wa gonar mutane kamar ɓarayi, yaya ba za a kore ku ba? Ku biyo ni, ku yi shiru, ku ga yadda ake shiga gida."

Ya zo ƙofar Marka ya tsaya, ya gyara murya.

"Salamu alaikum, masu gida."

Marka ta amsa daga ciki, ta ce, "Wa ke nan?"

"Baƙi ne, Inna."

"Daga ina?"

"Daga nesa. Rana ta yi mana a hanya, muka ce ina za mu sauka, aka ce mana duk ƙasar nan babu kamar gidan Marka."

Marka ta leƙo ta ga fara ɗaya tal a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Ku nawa ne?"

"Ni ne da 'yan iyalina."

"To, bismilla, ku shigo."

Kafin ta rufe baki, sama ta yi duhu. 'Yan iyali ke nan. Mata da 'ya'ya, surukai da jikoki, da waɗanda shi kansa Baben bai san sunansu ba.

Marka ta waiga wajen lambunta. Ta ce, "Bari in share muku zaure."

Babe ya ce, "Haba Inna, kada mu takura miki. Mu ba mu da tsirfa. Nan bayan ɗaki cikin ganye ma ya ishe mu."

Suka faɗa lambu. Suna ci suna waƙa:

Ƙaras, ƙaras, gidan Marka,
Ba a kora gidan Marka.
Mu ci ganye, mu ci fure,
Da sallama muka shigo.

Da gari ya waye Marka ta zagaya. Ganyen da ta bari jiya kamar faifai, yau ya zama rariya. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka, kuka na gaske, tana tuna hannun uwarta da ƙullin bakin zane. Sai ga Babe ya sauko yana sakace.

"Inna, ina kwana?"

Ta share ido ta ce, "Lafiya lau. Kun tashi lafiya? Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi."

Maganar kora ta zo mata har maƙogwaro. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Amin."

Tana nan zaune sai maƙwabcinta Ɗangambo ya leƙo ta saman danga da wata kwalba a hannu. Ya ce, "Marka, ga magani na sayo a kasuwa. Ki fesa musu, kafin azahar ba sauran mai motsi. Ni haka na yi wa nawa."

Marka ta ce, "In ba baƙo guba a gidana? A kan abin da zan kaɗa miya da shi? Af, Ɗangambo, ina kajinka? Kwana biyu ban ji zakaranka ba."

Ɗangambo ya sosa ƙeya ya ce, "Sun tsinci matattun farar ne. Amma dai ajali ne."

"Allah ya mayar maka da alheri. Tafi da kwalbarka."

Ya ji haushi ya ce, "To, ki zauna ki yi ta karrama su."

Ta dubi lambu, ta dubi bishiyar darbejiya da ke tsakar gida. Ta ce, "Karramawa ka ce? Wallahi ka yi gaskiya. Ban karrama su ba."

Ta tashi ta tsinko ganyen darbejiya da 'ya'yanta, ta zuba a turmi ta daka lilis. Ta jiƙa a tulu ta bar shi ya kwana. Washegari da yamma ta tace, ruwan ya fito kore shar. Ta ɗauki ƙwarya da tsintsiya ta shiga lambu.

Ta ce, "Malam Babe, ku yafe ni. Tun da kuka zo ban ba ku ruwa ba. Tsufa ne ya sa na sha'afa."

Ta tsoma tsintsiya ta yarfa. Ta tsoma ta yarfa. Saman ganye da ƙarƙashinsa, ba ta bar ko ɗaya ba.

Babe ya gatsi ganye. Idonsa ya yi waje. Kun taɓa tauna darbejiya? Uwani ta sani, ita da aka ɗura wa lokacin zazzaɓi, har yau ba ta yafe mini ba.

Matar Babe ta tofar ta ce, "Wannan wane irin ɗaci ne?"

Babe ya taka mata ƙafa ya raɗa mata, "Rufa mana asiri. Ladabi ne kaɗai ya zaunar da mu a nan. Ranar da muka kushe ruwan masu gida, mun tashi daga baƙi mun koma ɓarayi, ɓarawo kuwa ko Marka tana korarsa. Haɗiye."

Ta haɗiye.

Marka ta ce, "Ya ruwan?"

Babe ya ce, "Sanyi ƙalau, Inna."

"A ƙaro?"

"A'a, mun ƙoshi."

"Haba, kunya kuke ji. Nan ai gida ne."

Ta ƙara yarfa musu ƙwarya guda.

Ranar ba wanda ya yi waƙa. Washegari ma haka. Fara suka zauna jugum a kan ƙaya, ciki na kuka. Samari suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wai za su je su dawo. Marka ta ji daɗi, har ta yi barci.

Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke ganye tas. Kafin Marka ta sake daka, ta sake jiƙawa, ta jira ya kwana, sai ta jiyo daga bayan ɗaki:

Ƙaras, ƙaras, gidan Marka,
Ba a kora gidan Marka.
Mun sha ruwa mun gode,
Da sallama muka shigo.

Rabin lambu ya tafi.

Marka ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta kwashe tokar murhu ta tankaɗe. Ta daka busasshen barkono, irin ƙananan nan masu sa babba hawaye, ta haɗa. Ta yi sammako tun raɓa na kan ganye, don tokar ta kama.

Ta ce, "Malam Babe, jiya ban runtsa ba don kunya. Ashe kuɓewa kuke ci haka gayanta. Wa ya taɓa cin kuɓewa ba toka ba yaji? In labari ya kai garinku, ai sai a ce Marka ba ta iya girki ba."

Babe ya ce, "Wallahi Inna, haka ma ya yi."

"Bai yi ba."

Ta barbaɗa. Ta barbaɗa. Ta barbaɗa har lambu ya yi furfura.

Babe ya gatsa, toka ta shiga haƙori ƙurus-ƙurus, barkono ya bi ta hanci. Jama'arsa suka kama atishawa, wannan ya yi ya faɗo, wancan ya yi ya faɗo. Hawaye na zuba a fuskar Babe.

Marka ta ce, "Lafiya? Kuka kake yi?"

Ya ce, "Daɗin hannunki ne, Inna. Ya tuna mini da girkin uwata."

"Allah ya ji ƙanta. Bari in ƙara maka, ka tuna ta sosai."

Ta ƙara.

Ranar surukai suka ce sun tuna sun bar wani aiki a gida. Suka tafi da jikoki. Amma Babe ya zauna da sauran, don taurin kai ne da shi, kuma ya ga furanni sun fara zama 'ya'ya. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Tsohuwa ce, za ta gaji. Murhu ɗaya gare ta, toka nawa zai yi?"

Haka kuwa aka yi. Iska ta zo ta kaɗe toka. Sabon toho ya fito wanda bai san toka ba. Waƙa ta dawo, ko da yake murya ta dushe:

Ƙaras, ƙaras, gidan Marka,
Ba a kora gidan Marka.
Mun ci yaji mun gode,
Da sallama muka shigo.

Da Marka ta zagaya, gindi uku suka rage a tsaye.

Ta tsaya tana kallonsu, tsoro ya kama ta. Ta ba da ruwa, ta gyara abinci, me ya rage da ake yi wa baƙo? Tana cikin haka sai ta ji kukan zabi daga bayan ƙaya. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ashsha. Baƙi sun yi kwana da kwanaki a gidana, maƙwabta ba su zo sun yi musu sannu da zuwa ba."

Ta ɗauki mayafi ta zagaya cikin ciyawa. Ta yi sallama. Zabuwa ta ɗago kai ta dube ta da ido ɗaya.

Marka ta ce, "Maƙwabciya, ina wuni?"

Zabuwa ta ce, "Yau kuma mu ne maƙwabta? Ni na ɗauka hoge ne gaisuwar da ke tsakaninmu."

"Na yi baƙi ne."

"Mun gani. Su da suka zo daga inda ba a sani ba, aka ce bismilla. Mu da aka haife mu a gindin dangarki, aka sa mana ƙaya."

Marka ta sunkuyar da kai, don maganar ta shige ta. Ta ce, "Gaskiyarki. Na yi miki ba daidai ba, ki yafe ni. Gindi uku suka rage mini, kuma su ke nan abin da uwata ta bar mini. In suka tafi, ban san da wane ido zan dube ta ba ranar da muka haɗu."

Zabuwa akwai tsiwa, amma ba ta da riƙo. Ta ce, "Za a cire ƙayar?"

"Za a cire. Sai dai in shuka tana ƙarama, ku yi mini haƙuri da tono har ta yi ƙwari."

"Wannan mai sauƙi ne. Gobe za mu zo gaisuwa. Da sassafe za mu zo, kafin rana ta shanye raɓa. A lokacin fiffikensu a jiƙe yake, ba sa iya tashi."

Marka ta dube ta.

Zabuwa ta gyara murya ta ce, "Ina nufin, lokacin ne ake samun mutum a gida."

Marka ta dawo ta ce wa Babe, "Gobe maƙwabta za su zo yi muku sannu da zuwa. Mutanen kirki ne, kullum cikin zane mai ɗigo-ɗigo."

Babe ya ce, "Madalla, muna nan."

Da ta tafi, matarsa ta ce, "Malam, ruwan gidan nan mun sha, girkin gidan nan mun ci. Ni gaisuwar gidan nan ba na son in gan ta. Mu tafi yau."

Babe ya ce, "Mu tafi mu bar 'ya'yan kuɓewa suna nuna? Mai zuwa gaisuwa ai da ƙwarya yake zuwa. Ki dai tara mata, ku je gindin danga inda ƙasa ta yi fili, ku binne ƙwai. Baɗi a nan za a ƙyanƙyashe 'ya'yanmu. Su ba baƙi ba ne, 'yan gida ne, lambun nan gadonsu ne."

Mata suka je suka binne.

Gari ya waye, raɓa ta sauka sosai. Fara na manne a jikin kara, fiffike ya yi nauyi, ƙafa ta yi sanyi. Marka ta janye ƙaya. Zabi suka shigo a jere, Zabuwa a gaba, 'ya'ya a baya, kowa da natsuwarsa.

Zabuwa ta ce, "Sannunku da zuwa." Caf, ta ɗauke ɗaya.

Babe yana can ƙololuwar kara. Ya yunƙura zai tashi, fiffike ya ƙi. Ya ce, "Yauwa, sannu."

"Ya hanya?" Caf.

"Lafiya lau."

"Ya kuka baro mutanen gida?" Caf.

"Suna lafiya."

"Ya gajiya?" Caf. "Ya baƙunta?" Caf. "Ya iyali?"

Babe ya duba ƙasa ya ce, "Iyali, to, da sauƙi."

Ku kun san gaisuwarmu ba ta ƙarewa da wuri. A tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi damina, a tambayi jiki, in an kai ƙarshe a ce to madalla, a sake ɗaukowa daga farko. Kuma ba Zabuwa kaɗai ke gaisuwa ba, kowane ɗa nata sai da ya gaida baƙi, don yara ne masu tarbiyya. Cindo, ka ji ko? Ba irinka ba da sai an ce maka ka gaida mutane.

Marka tana tsaye a gefe tana cewa, "Ku gaisa sosai. An daɗe ba a haɗu ba."

Sai da rana ta ɗago fiffiken Babe ya bushe. A lokacin Zabuwa ta iso gindin karan da yake kai, ta miƙa wuya tana cewa, "Af, ban gaida maigidan ba."

Babe ya yi tsalle ya dira kan danga. Ya waiwaya, waɗanda suka biyo shi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya ce, "Inna, za mu koma."

Marka ta ce, "Tun yanzu? Ko abincin rana ba za ku tsaya ba? Na jiƙa muku sabon ruwa."

"Hanya da nisa."

"To, bari in taka muku."

Ta raka su har bakin ciyawa, yadda ake yi. A nan Babe ya hango fartanyarta a jingine, ya gane cewa in kaka ta yi Marka za ta kafce lambu, ƙwai su fito fili. Sai ya tsaya ya ce, "Inna, ba mu da abin da za mu saka miki. Amma mun bar miki ɗan tukwici a gindin danga, cikin ƙasa. Ba yawa. Kada ki tone sai ruwan farko ya sauka."

Marka ta ce, "Haba, har da wahala? Na gode. Ku gaida gida."

Suka tafi.

Ta dawo lambu. Cikin gindi uku, biyu sun zama tsinke. Na ukun ba ganye ko ɗaya, amma can kusa da sama akwai ɗa guda, gajere mai jan baki, da shaidar haƙori a gefe. Marka ba ta taɓa shi ba. Kullum ta zo ta duba. Ta ci tuwo da miyar kuka har ta gaji, ba ta tsinke shi ba. Ya yi tauri, ya yi fari, ya bushe. Ranar da ta girgiza shi ta ji caka-caka a ciki, ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye. Ta fasa shi a tafin hannu, ta ƙulle irin a bakin zane yadda aka ƙulle mata. Ta ce, "Inna, bai ɓata ba."

Amma ɗan ƙullin bai fi kan yatsa ba. In aka shuka shi baɗi, fara goma ma sun isa su gama da shi tun yana toho.

Sai Marka ta tuna da tukwici. Ta ce, "Ya ce kada in tone. Ai duk mai kyauta haka yake faɗa, ba yawa, kada ki buɗe. Kunya ce. Ni kuwa tun da nake ban taɓa karɓar kyauta na ɓoye wa maƙwabta ba. Dole in nuna musu su taya ni godiya."

Ko ta san abin da ke ciki, ko ba ta sani ba, ni ban tambaye ta ba.

Ta ɗauki fartanya ta kafce gindin danga daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sai ga ƙwai jere-jere kamar shinkafa, sun fito fili rana na dukansu. Ta ɗaga murya ta ce, "Zabuwa, ku zo ku ga abin arzikin da baƙina suka bar mini. Ku taya ni godiya."

Zabi suka zo. Suka yi godiya. Suka yi ta godiya har la'asar. Washegari suka dawo suka ƙara, kada a ce sun yi ta sama-sama. Ɗan abin da suka manta, rana ta ƙarasa.

Shekara ta zagayo, ruwa ya sauka. Marka ta shuka rabin ƙullin, ta mayar da rabi cikin gora, don ta yi hankali. Zabi suka yi haƙuri har shuka ta yi ƙwari, sannan suka shiga suna kai da kawowa a tsakanin kunyoyin lambu. Kuɓewa ta yi ganye kamar faifai.

Ran nan sai ga Babe, shi kaɗai, ya sha kwalliya, ya zo ganin 'ya'ya da gadonsu. Tun daga nesa yake kasa kunne ko zai ji waƙa. Shiru. Ya tsaya a ƙofa.

"Salamu alaikum, masu gida."

Marka ta fito da fara'arta ta ce, "A'a, Malam Babe ne? Lale, lale. Bismilla, shigo."

Babe ya leƙa lambu, ya ga kore shar, bai ga nasa ko ɗaya ba. Ya ce, "Inna, ɗan tukwicin nan fa, kin same shi?"

"Na same shi. Allah ya saka. Na nuna wa maƙwabta, sun yaba ƙwarai. Har suka ce duk ranar da ka zo in kira su, su yi maka godiya da bakinsu." Ta juya ta ce, "Zabuwa, fito, ga mai kyautar nan ya zo."

Babe, mai ladabi, mai koya wa jama'a yadda ake shiga gida, ya tashi sama ko sai an jima bai ce ba. Marka ta bi shi da kallo ta ce, "Oh, ko ruwa bai sha ba."

Har Marka ta koma ga Allah ba ta taɓa korar baƙo ba. Kuɓewar nan mai jan baki kuwa, ita kuka ci ɗazu da tuwo, har Cindo ya nemi ƙari.

Abin da za ku riƙe shi ne, wanda ya shigo gidanku da ladabin ƙarya don ya cuce ku, ba sai kun zubar da naku ladabin ba kafin ku rabu da shi. Kuma kada ku sa wa maƙwabci ƙaya don kullum kuna ganinsa, ranar wuya shi ne a kusa.

Ƙurunƙus, kan Babe da cinyarsa. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe ya yi sammako ya tambayi zabuwa. Ku tashi, ku kaɗe mini tabarma.